Aiki Mai Giɓi: Kwana 10 Ne, Ko 15, Ko 19?



Maudu'in yau zai yi wa wasunmu kama da darasin ajin injiniyoyi, don haka bari mu faɗi dalili tun daga farko. Duk wanda ya taɓa sa hannu a haɗa littafin gajerun labarai na ƙungiya, ko ya riƙe zauren da masu karatu ke biyan kuɗi kafin a saka su, ya san inda rigima take tashi. Ba kasafai ake faɗa a kan ranar da aka fara aiki ba, haka ma ranar da aka gama. A tsakiya ake faɗan: yaushe aka dakata, kwana nawa aka yi a dakace, wa ya jawo. Edita ya ce sati uku ya yi a kan labarin. Marubuciya ta ce ai rabin kwanakin nan labarin ajiye yake a wayarsa. Shi kuma ya ce jiran amsarta yake yi. Kowa da gaskiyarsa, amma babu mai takarda a hannu.

Ra'ayinmu shi ne, dakatawar nan ta tsakiya ta cancanci a rubuta ta, a lissafa ta, kamar yadda ake lissafa aikin kansa. Masu manhajojin tsara ayyuka sun daɗe da samo hanyar yin haka, kuma akwai abin da za mu ara a wurinsu, akwai kuma inda za mu ƙara musu da abin da mu muka sani su ba su sani ba.

Jadawalin nan mai sanduna a kwance, wanda kowace sanda ke nuna aiki ɗaya daga ranar farawa zuwa ranar gamawa, sunan wani injiniya Ba'amurke ya ci, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910. Manhajar Microsoft Project, da ta fara fitowa a 1984, a kan irin wannan jadawali aka gina ta. A cikinta ana iya ɗaukar sanda ɗaya a tsaga ta biyu ko uku, sai ɗige-ɗige su bayyana a tsakanin gutsattsarin, alamar cewa aikin ɗaya ne amma an yi kwanaki ba a taɓa shi ba. Mu kira shi aiki mai giɓi, mu kira kowane gutsure gaɓa, kamar gaɓar rake.

Ga misali, kuma misali ne kawai. A ce 1 ga wata ta faɗo ranar Litinin, ana kuma aiki Litinin zuwa Juma'a. An ba edita labari, an yi ittifaƙi aikin kwana 10 ne. Ya yi Litinin zuwa Alhamis, kwana 4. Ranar Alhamis ɗin da yamma ya tura wa marubuciya tambayoyi a kan wani babi da ya ci karo da na baya, ba zai iya ci gaba ba sai ta amsa. Ba ta amsa ba sai daren Alhamis 11 ga wata. Ya koma aiki Juma'a 12, ya cike kwana 6 da suka rage, ya gama Juma'a 19 ga wata.

To kwana nawa aikin ya ci? Wanda ya duba kalandar bango zai ce 19. Wanda ya cire Asabar da Lahadi zai ce 15. Wanda ya ƙirga ranakun da aka zauna aka yi aikin zai ce 10. Duka ukun lissafi ne daidai, amsar tambayoyi uku ne daban-daban. A ce kuma an yi ciniki a kan Naira 5,000 kowace rana: 50,000 ke nan, ko 75,000, ko 95,000. Ƙungiyar da ke tara kuɗin ɗab'i da karo-karon mambobi ta san abin da bambancin 45,000 ke nufi, musamman idan labarai 20 ne a littafin.

Microsoft Project ta riƙe lambobin nan duka. Ranar farawa 1, ranar gamawa 19, tsawon aiki kuma kwana 10, domin ba ta ƙirga giɓi cikin tsawon aiki. Akwai togaciya ɗaya: idan aka saita aikin a matsayin mai tsayayyen wa'adi, to a nan giɓin yana shiga cikin tsawon. Wannan togaciyar kaɗai ta isa ta sa mutum biyu su buɗe jadawali iri ɗaya su tashi da amsa daban.

Yanzu mu zo ga gundarin magana. Tsaga sanda ɗaya da linzamin kwamfuta abu ne mai sauƙi. Idan ayyuka 60 ne, labarai 20 kowanne da tacewa da gyaran marubuci da tsara shafi, hannu zai gaji, ido zai yi kuskure, kuma babu wanda zai zauna yana ƙirga ɗige-ɗige a kowane ƙarshen mako. A nan ne ake rubuta wa manhajar umarni ta yi da kanta. Project ta kan kwamfuta tana karɓar umarni da harshen VBA, irin wanda ke cikin Excel, don haka duk wanda ya ɗan taɓa shi a makaranta ba baƙo ba ne a nan.

Abin da ake buƙata kaɗan ne. Kowane aiki yana da umarni mai suna Split, wanda ake ba shi ranaku biyu, ranar da giɓi ya fara da ranar da ya ƙare. Kowane aiki kuma yana ɗauke da jerin gaɓoɓinsa mai suna SplitParts, kowace gaɓa da farkonta da ƙarshenta. Aikin da ba a taɓa tsagawa ba gaɓa ɗaya gare shi, saboda haka tambayar da umarni zai yi ita ce ko gaɓoɓin sun fi ɗaya. Da layuka kusan goma za a iya cewa: bi ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda gaɓoɓinsa suka fi ɗaya, rubuto mana sunansa, da ranar da kowace gaɓa ta ƙare, da ranar da ta gaba ta fara. Shi ke nan, takardar da muka ce babu mai ita a hannu ta samu.

Sai dai akwai ramuka a hanyar, kuma gara a san su kafin a taka.

Manhajar da mintoci take lissafi. Idan umarni ya tambayi tsawon aikin editanmu, 4,800 za a ba shi, domin a saitin asali ranar aiki awa 8 ce, minti 480. Wanda ya ga 4,800 ya raba da 1,440, adadin mintocin yini da dare, zai tashi da kwana 3 da ɗoriya, ya zalunci edita ba tare da ya sani ba. Haka kuma kowace rana a cikin manhajar tana ɗauke da lokaci. A kalandarta ta asali ana tashi aiki ƙarfe 5 na yamma, a dawo ƙarfe 8 na safe, kuma a wurinta tsakanin waɗannan biyun babu komai, wuri ɗaya ne. Umarnin da ya ɗauki farkon gaɓa ta biyu ya ɗebe ƙarshen ta farko kai tsaye, zai haɗa da darare da Asabar da Lahadi ya kira su giɓi. A misalinmu zai ba da kwana 7 da awa 15, alhali ranakun aikin da aka rasa 5 ne. Akwai umarnin da aka tanada don wannan, DateDifference, wanda ke auna tazara bisa kalandar aiki. Shi za a tambaya. Ƙaramin rami na ƙarshe: layin da aka bari fayau a jadawali don ado yana shiga cikin jerin ayyuka a matsayin babu, kuma umarnin da bai duba shi ba zai tsaya cak a kansa.

Ramin da ya fi waɗannan zurfi yana wajen fitar da bayanai. Shugaban kwamitin littafi ba shi da Project, Excel gare shi, sai a ce a fitar masa da jadawalin. Abin da zai isa gare shi suna ne da farawa da gamawa da tsawo. Giɓin ya ɓace a hanya. Zai ga 1 zuwa 19, ya ga kwana 10, ya rasa inda sauran suka shiga, sai ya cike gurbin da zato, kuma mun san zato ba ya faɗawa sai kan wanda ba ya wurin. Ko da an ajiye fayil ɗin a tsarin XML, wanda wasu manhajoji ke iya karantawa, ba za a sami wani layi da ya ce ga giɓi ba. Yana ɓoye ne a cikin bayanan aikin da aka rarraba rana-rana, inda wasu ranaku ke ɗauke da sifili. Kayan aikin masu rubuta manhaja irin su MPXJ, wanda kyauta ne, da Aspose.Tasks na kuɗi, suna taimakawa wajen tono shi, amma sai wanda ya san yana nan ne zai nema. Primavera P6 kuwa, wadda kamfanonin manyan gine-gine ke amfani da ita, ranar dakatarwa ɗaya da ranar ci gaba ɗaya take bai wa aiki, shi ma sai an riga an fara shi. Aikin da ke da giɓi uku a Project ba shi da madaidaicin masauki a can.

Mun tsaya a kan wannan ne saboda ba matsalar masu kwamfuta kaɗai ba ce. Duk lokacin da sakataren ƙungiya ya rubuta a littafinsa cewa an ba wane aiki ranar kaza, ya dawo da shi ranar kaza, irin wannan fitarwar ya yi. Ya riƙe kai da wutsiya ya zubar da ciki.

Yanzu ga inda muke ganin mutane suna wuce gona da iri. Da zarar mutum ya iya umarnin tsagawa, sai komai ya zama abin tsagawa a idonsa. Ɗauki azumi. Sanannen abu ne a duniyar rubutun intanet cewa marubuta da yawa suna ajiye alƙalami idan Ramadan ya kama, a ce wa masu karatu sai bayan Sallah. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya, babu yadda za a kafe shi a wuri ɗaya a manta. Farkonsa kuma sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar, ƙarshensa ko 29 ko 30. Mai tsara jadawali da ya saka giɓin azumi a ayyuka 20 tun watan Sha'aban, hasashe ya yi, kuma kwana ɗaya na iya motsawa a kowane gefe. Da hannu, gyara 20 ke jiransa. Da umarni, daƙiƙa ɗaya. Har mutum ya fara jin daɗin kansa.

Amma da ya sa hutun a kalandar aikin tun farko, gyara ɗaya zai yi, ba tare da ya rubuta layin umarni ko ɗaya ba, manhajar ta matsar da komai da kanta. Hutun da ya shafi kowa gidansa kalandar aiki. Rashin mutum ɗaya, kamar mai zanen bango da ya tafi sansanin bautar ƙasa na sati uku ko mai taifin da ta shiga jarrabawa, gidansa kalandar wannan mutumin, domin manhajar tana ba kowane ma'aikaci tasa. Giɓi na aikin da shi kansa ya tsaya ne alhali mai yin sa yana nan lafiya lau yana yin wasu ayyukan: labarin da ke jiran amsar mai shi, ko ɗab'in da ya tsaya a rabi saboda takarda ta ƙare a maɗaba'a ko kuɗin ƙungiya bai cika ba. Idan aka cakuɗa ukun nan, rahoton ƙarshen wata zai nuna kowane aiki da giɓi, a rasa gane wanda ya tsaya don ibada da wanda ya tsaya don sakaci. Wani lokacin ma, idan an san tun farko cewa edita zai karanta, marubuci ya amsa, edita ya sake dubawa, to ayyuka uku ne masu bin juna, kowanne da mai shi. A rubuta su uku. Jiran da ake hangowa tun daga nesa aiki ne na wani, a sa sunansa a kai.

A kula kuma, manhajar da kanta tana iya tsaga ayyuka. Idan aka ɗora wa edita ɗaya labarai uku a rana ɗaya aka ce ta daidaita nauyin, akwai zaɓin da ke ba ta damar tsaga ragowar aiki don ta sama wa wani wuri. Tana duba darajar da aka ba kowane aiki, daga 0 zuwa 1,000, kowanne yana farawa da 500, wanda aka ba 1,000 kuma ba ta taɓa shi. Haka idan aka ce ta matsar da aikin da ba a kammala ba zuwa bayan wata rana, giɓi zai bayyana tsakanin abin da aka yi da abin da ya rage. A kan allo duka ɗige-ɗige ne iri ɗaya. Giɓin da marubuciya ta jawo da wanda injin ya ƙirƙira, ba mai bambanta su da ido.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin ya fi komai muhimmanci a maganar. Gaɓa tana da farko da ƙarshe, amma giɓi ba shi da gurbin dalili. Manhajar za ta gaya maka an tsaya daga 5 zuwa 11 ga wata, ba za ta gaya maka don me ba. To rigimarmu kuwa kullum a kan don me take. Saboda haka duk umarnin da za a rubuta don tsaga aiki, a tilasta masa ya karɓi abu na uku bayan ranakun biyu, wato dalili, ya kuma ƙi aiki idan ba a ba shi ba. Akwai wurin ajiyewa: kowane aiki yana da gurbin bayani, akwai kuma gurabe 30 na rubutu, Text1 zuwa Text30, da aka bari don mai amfani ya sa abin da ya ga dama. Layi ɗaya ya wadatar: 5 zuwa 11, jiran amsar marubuciya a kan babi na 4, an tura tambaya ranar 4. Kuma a rubuta shi a ranar da aka tsaya. Wanda aka rubuta bayan wata biyu, lokacin da zance ya riga ya kai gaban shugaba, kare kai ne.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta sani ba game da sana'armu. A lissafinta, aikin kwana 10 da aka yi 4 aka tsaya, saura 6, ko bayan mako aka dawo ko bayan shekara. Watakila haka ne ga mai fentin bango. Ga marubuci ba haka ba ne. Wanda ya ajiye labari wata guda sai ya sake karanta abin da ya gabata kafin ya kama muryar taurarinsa, in kuwa bai yi ba, masu karatu za su gaya masa. Duk mun taɓa cin karo da littafin da ƙanwar tauraruwa ta canza suna bayan Sallah, ko mahaifin da aka yi wa sadakar bakwai a shafi na 30 ya dawo yana ɗaura aure a shafi na 55. Edita ma haka, sai ya koma baya ya tuna hukuncin da ya yanke a kan rubuta wata kalma, don kada farkon littafi ya saɓa wa ƙarshensa. Don haka a ganinmu umarnin da ya tsaga aikin rubutu ya kamata ya ƙara wa ragowar wani abu na komawa cikin labari. Nawa ne, kowace ƙungiya ta auna daga nata ayyukan, amma sifili dai ba daidai ba ne. Wannan kuma shi ne dalilin da zai sa a hana manhajar yanka aikin edita gunduwa-gunduwa don kawai jadawali ya yi kyau. Labari uku a jere, kowanne a gama shi, ya fi labari uku a cakuɗe kowanne da giɓi huɗu.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: Malam, yawancinmu da waya muke rubutu, wa ke da kwamfuta balle manhajar kuɗi, kuma ilhama ba ta san jadawali ba. Maganar ilhama gaskiya ce ga wanda ke rubuta littafinsa shi kaɗai, bai karɓi kuɗin kowa ba, bai yi wa kowa alƙawari ba. Shi kam littafin rubutu na makaranta ya ishe shi, ko ma ya ƙyale. Amma wadda ta karɓi kuɗin mutum 200 a zaure ta ce za a kammala littafi kafin ƙarshen shekara, ko kwamitin da ya karɓi labaran matasa 20 ya ce za a ƙaddamar a taron shekara, sun ci ladan kuturu.

Maganar kuɗi kuma da sauƙi. Akwai ProjectLibre ta kyauta ga mai kwamfuta. Ga mai waya, Google Sheets ya isa, muddin an canza abu ɗaya: a daina ba kowane aiki layi ɗaya, a ba kowace gaɓa layinta. Sunan aiki, mai yi, farkon gaɓa, ƙarshenta, da dalilin tsayawa. Akwai dabarar lissafi mai suna NETWORKDAYS.INTL, a Sheets da Excel duka, da ke ƙirga ranakun aiki tsakanin ranaku biyu. Ana gaya mata ranakun hutun mako da lambobi bakwai da ke farawa daga Litinin, 1 hutu, 0 aiki: 0000011 ga mai hutun Asabar da Lahadi, 0000100 ga wanda Juma'a kaɗai yake hutawa. Ana kuma nuna mata jerin ranakun Sallah da sauran hutu ta cire su, idan wata ya motsa a gyara a wuri ɗaya. A misalinmu layin farko zai ba da 4, na biyu 6, jimla 10, daga 1 zuwa 19 kuma 15, bambancin 5 shi ne giɓin, ga dalilinsa a gefe.

Abin da babu manhajar da za ta yanke mana shi ne wace lamba ake biya. Mu dai muna ganin 10 ce, tare da sharaɗi: idan jira ya wuce kwanakin da aka amince tun farko, kuma daga ɓangaren marubuci ne, edita na da damar ɗaukar wani aikin, labarin da ya tsaya ya koma bayan layi, ranar gamawarsa ta sake lissafi. A rubuta wannan a saƙon farko da za a tura wa edita da marubutan, kafin a miƙa wa kowa labari ko ɗaya.